Daga Nima zuwa ɗakin semina: yadda ɗan zango zai kutsa harkar falsafa da ladubban binciken kimiyya

Duk sanda na faɗa wa yara a bes ɗinmu na ataya a Nima, unguwarmu ta Accra, wai aikina yana tsakanin falsafa da binciken lafiya sai su kalle ni kaman na ce ina sayar da iska a leda. Wani ƙanin abokina da ya gama sabis, wato hidimar ƙasa, bara ma kai tsaye ya tambaye ni, Yaya wannan abin naka ana cin abinci da shi kuwa? Ana ci, ba dai irin cin 'yan kasuwar Makola ba, kuma ƙofar a buɗe take, mu ne ba ma zuwa. Toh ga hanyar kaman yadda na bi ta, da wuraren da na yi tuntuɓe. Abu ɗaya da nake so ka riƙe tun yanzu: Hausar nan da ke bakinka, wadda kake ganin ba komai ba ce, ita ce babban jarinka a wannan fagen.

Matakin farko ka san me ake magana a kai, dan mutane da yawa suna jin falsafa sai su ɗauka gardamar akwai Allah ko babu ce kawai. Ɓangaren da nake nufi shi ne wanda ke tambayar me ya halatta mai bincike ya yi da ɗan Adam da sunan neman ilimi. Kuma mu Hausawa ba baƙi ba ne a labarin. A 1996 lokacin annobar sanƙarau a Kano kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, 11 daga cikin yaran suka mutu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan inna, wannan tsohon tabon yana cikin abin da mutane ke ambata. A nan gida Gana ma a 2015 an shirya gwajin rigakafin Ebola a Hohoe, labari ya bazu cewa za a ba mutane kuɗi da waya, gari ya ɗau zafi, majalisa ta sa baki, aka dakatar. Ka ga duk wannan ba matsalar sinadari ba ce, matsalar yarda ce da amana da wa ke da ikon cewa eh. A kan irin wannan aka rubuta ƙa'idojin Nuremberg a 1947, da sanarwar Helsinki a 1964 wadda har yau ake sabunta ta, da rahoton Belmont a 1979 bayan abin kunyar Tuskegee a Amurka inda aka bar baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani daga 1932 har 1972 ana kallon yadda ciwon ke cin su. Waɗannan ukun ka nemo su ka karanta, ba su da tsawo, wayarka ma ta isa.

Mataki na biyu, tashi ka je. Zuwa da kai ya fi aike. Daga Nima ka hau trotro zuwa 37, ka kama motar Madina, ka ce wa met Okponglo ko Legon. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai sashen falsafa da ake kira Philosophy and Classics, akwai Institute of African Studies, akwai makarantar lafiyar al'umma, akwai cibiyar Noguchi da aka buɗe a 1979 da taimakon gwamnatin Japan, sunan wani likitan Japan ne da shawara ta kashe a nan Accra a 1928 yana tsaka da bincike a kanta, sannan akwai WACCBIP mai binciken ƙwayoyin cuta da MIASA mai binciken zamantakewa. Duk waɗannan suna yin semina da lakcoci, kuma da yawa daga ciki ba a tambayar ka katin ɗalibi a bakin ƙofa. Ranar da lokacin suna canzawa daga zango zuwa zango, zangon karatu nake nufi ba namu ba, dan haka ka je ka duba allon sanarwa na sashen, ka shiga ofis ka gaida sakatariya da ladabi ka ce kana so a sa imel ɗinka cikin waɗanda ake tura wa sanarwa. Kada ka raina matar nan, ita ta san wane furofesa ne yake gari, wane ne ya yi tafiya, wane ne ke neman yaro mai taimaka masa. A cikin gari kuma Ghana Academy of Arts and Sciences, wadda aka kafa tun 1959, tana yin lakcoci na kowa da kowa, ciki har da na tunawa da J.B. Danquah. In kana Kumasi ne, Aboabo ko Sabon Zango ko Asawase, ka doshi Tek, wato jami'ar KNUST, ka sa ido a kan cibiyar binciken lafiya ta KCCR da makarantar likitanci. Cape Coast ma suna da sashen falsafa. Na waje kuwa, shafin PhilEvents yana jera taruka na duniya kuma tun bayan korona da yawa ana yin su ta Zoom kyauta, sai dai ka lura da bambancin agogo, mu muna kan GMT duk shekara, su Turawa suna matsar da nasu.

Na uku, kada ka je hannu rabbana. In an sanar da take, ka nemi sunan mai gabatarwa a Google Scholar ko PhilPapers ka karanta ko da shafi biyar na abin da ya taɓa rubutawa, kalmar da ta shige maka duhu ka duba Stanford Encyclopedia of Philosophy, kyauta ne. Amma ni shawarata ka fara da na gida kafin ka faɗa kogin Kant, masanin falsafar Jamus. Kwasi Wiredu ɗan Kumasi ne, ya koyar a Legon fiye da shekara 20, ya rasu a 2022, kuma babban abin da ya yi ta nanatawa shi ne ka ɗauki matsalar falsafa ka mayar da ita harshen uwarka ka ga ko za ta tsaya da ƙafarta, dan wata matsalar ta Turanci ce kawai, da ta shigo Twi sai ta narke. Kwame Gyekye da ya rasu a 2019 shi kuma ya yi jayayya da Ifeanyi Menkiti na Najeriya a kan ko al'umma ce ke mayar da mutum mutum, Gyekye ya ce al'umma tana da nauyi amma mutum yana da nasa haƙƙin da ba ita ta ba shi ba. Ka riƙe wannan jayayyar da kyau, za ta dawo maka a fili ranar da ka tsaya gaban matar aure da fom a hannu tana ce maka sai Alhaji ya dawo. Kuma ka gwada dabarar Wiredu da Hausa. Mu muna cewa wane ba mutum ba ne alhali ga shi yana tafiya da ƙafa biyu, muna da mutunci da kunya da amana da kara, Anthony Kirk-Greene ma ya yi rubutu a kan mutumin kirki tun 1974. In ka yi makarantar allo ko islamiyya ka taɓa jin ƙa'idar nan ta babu cuta babu cutarwa, ko manufofin shari'a na kare rai da hankali da zuriya, toh kana da kayan aikin da yawancin 'yan ɗakin ba su da shi. Ba mu fara tunani jiya ba, Alhaji Umaru na Kete Krachi da ya rasu a 1934 a ƙasar nan ya zauna ya yi rubutunsa da Larabci da Hausa.

Yanzu ka shiga ɗakin. Yawanci shugaban zama zai gabatar da baƙo, shi kuma ya yi magana minti 40 zuwa awa ɗaya, sannan a buɗe tambayoyi, kuma a falsafa wannan ɓangaren tambayoyin shi ne ainihin seminar. Karon farko za ka tsorata, dan za ka ga ɗalibi ƙarami ya ce wa mai furfura hujjarka ta biyu ba ta haifi sakamakonka ba, kai da aka raina a kan ba a musu da babba sai ka ji kaman a tsaga ƙasa ka shige. Ba rashin kunya ba ne, haka al'adar wurin take, ana dukan magana ne ba mai maganar ba, an tashi kuma tare za su sha lemo. Zuwa uku na farko ka yi shiru ka rubuta abu uku kawai: me yake so mu yarda da shi, wace hujja ya kawo, ina ne hujjar ta fi rauni.

Ni ban yi wannan haƙurin ba. A wata semina da na fara zuwa ana maganar adana jinin mutane dan binciken gaba, na ɗaga hannu na miƙe na fara da godiya ga Allah da shugaban zama da manyan baƙi kaman ina wajen ɗaurin aure, na zarce da tarihin zango da yadda aka mayar da mu saniyar ware, wajen minti huɗu ina zuba, sai shugabar zaman ta ɗan duba agogo ta ce cikin sanyin murya, to ina tambayar? Wallahi babu tambaya. Na tsaya baki buɗe, na ce na gode, na zauna, gumi har cikin singileti ga iyakwandishan na aiki. Da aka tashi wani dattijon lakcara ya tare ni a bakin ƙofa ya ce abin da na faɗa akwai tambaya mai kyau a ciki na binne ta ne, ya ce da cewa na yi, in wanda ya ba da jinin bai iya karatu ba kuma ya koma wani gari, ta yaya zai janye yardarsa bayan shekara biyar? Jimla ɗaya. Tun ranar nake rubuta tambayata a takarda kafin in ɗaga hannu, in ta wuce layi uku na san ban gama tunani ba. Kuma in an tashi kada ka ruga neman mota, minti goman nan na tsayuwa a baranda a nan ake sanin juna.

Mataki na gaba mai sauƙi ne, satifiket. TRREE suna da kwas na ladubban bincike a intanet kyauta, ka gama ka yi jarabawa su ba ka takarda. The Global Health Network ma suna da irin su, har da na ƙa'idojin gwajin magani da ake kira GCP. Ƙarshen mako biyu ya ishe ka in dumso, wato ɗauke wuta, bai sa ka gaba ba. Ka koyi cika fom a tablet da KoboToolbox ko ODK, ka buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, ka gyara CV shafi biyu, kuma a wajen harsuna ka rubuta Hausa ɓaro-ɓaro, da Twi ko Ga ko Dagbani ko Faransanci in kana ji. Na ga yara suna ɓoye Hausa a CV wai kada a ce musu 'yan zango, wannan asara ce.

Ga dalili, kuma a nan zan daɗe. Duk binciken da za a yi da mutane a ƙasar nan sai ya bi ta kwamitin ɗa'a, ko na Ghana Health Service, ko na Noguchi, ko CHRPE a KNUST, ko kwamitin fannin zamantakewa na Legon, kuma duk suna son a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Masu bincike suna son shiga Nima da Mamobi da Fadama da Madina da Ashaiman saboda cunkoso da zazzaɓin sauro da hawan jini da sauransu, amma kaɗan ne cikinsu ke jin Hausa. Dan haka suna neman mai fassara fom, mai tattara bayanai, mai juya hirar da aka naɗa zuwa rubutu. Ta nan na shiga. Cibiyoyin Navrongo da Kintampo da Dodowa ma suna ɗaukar irin waɗannan ma'aikatan, kuma in sabis ɗinka bai zo ba tukuna ka yi ƙoƙari a tura ka irin wuraren nan maimakon ofishin da za ka shekara kana sayo wa oga wace, wato shinkafa da wake.

Aikina na farko an ba ni fom shafi huɗu na fassara, na yi shi tsaf ina jin kaina. Muka shiga wani gida, wata tsohuwa na zaune a tabarma tana tsince wake a faranti, na durƙusa na gaishe ta na ce Hajiya mun zo bincike ne. Hannunta ya tsaya cak. Ta ce binciken me, me muka yi? Sai a lokacin na farga cewa a kunnenta bincike aikin 'yan sanda ne da kwastan, a zo a ɗaga katifa. Na gyara na ce gwaji, ta ce au, da mu za a gwada? Na ce a'a tambayoyi ne da ɗan jini kaɗan. Ta ce ɗana, jinin nan ina za a kai shi, wa zai riƙe, in an gama a zubar ko a ajiye? Fom ɗin ya ce za a iya ajiye shi a yi wani binciken nan gaba, har a tura waje. Na faɗa mata gaskiya. Ta yi shiru ta ci gaba da tsince wakenta, can ta ce toh in sun samo magani a jikin jinina, nawa za su sayar min? Ba ni da amsa, shugaban tawagar ma ba shi da ita. Ta ce mu dawo jibi ta yi shawara da ɗanta, da muka dawo ta yarda da tambayoyin ta ƙi jinin, kuma haƙƙinta ne.

Tambayoyin Hajiya ɗin nan, wallahi su ne ake tattaunawa a manyan taruka na duniya, su ne shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gado ya sha fama da su, mutane irin su Paulina Tindana sun yi rubutu sosai a kai daga abin da suka gani a Navrongo. Bambancin kawai ita ba ta da turancin. Dan haka ka riƙe ɗan littafi, duk kalmar da ta ƙi fassaruwa ka rubuta. Yaya za ka ce an raba mutane rukuni biyu ba da zaɓin kowa ba, ƙuri'a za ka ce, alhali wani zai ji kaman caca? Yaya za ka bayyana ƙwayar da aka yi ta kaman magani amma ba magani a ciki ba tare da mutum ya ji yaudara ce ba? In likita ne ya kawo fom ɗin, kunya za ta bar mara lafiya ya ce a'a? In sarkin zango da liman sun amince, yardar wa aka samu? Amma ka kiyaye, sunan mutum ko lambarsa ko hotonsa ba sa shiga littafinka balle WhatsApp, akwai dokar kare bayanai ta 2012, Act 843, kuma ko ba doka amana ce.

Daga wannan littafin taken bincikenka zai fito, ba daga kwafar na wani a UGSpace, rumbun kundayen jami'ar Legon a intanet, ba, ko da yake ka shiga can ka ga yadda ake tsara kundin. Kuma ba dole sai asibiti ba. Ghana ce ƙasar farko da ta amince da rigakafin zazzaɓin sauro na R21 a 2023, bayan ta kasance cikin ƙasashe uku da aka fara ba da rigakafin farko, RTS,S, a 2019 tare da Kenya da Malawi. An amince da waken da aka sauya wa ƙwayar halitta wanda cibiyar SARI ta Nyankpala ta yi aiki a kai, kuma wa ke sayar da wake da ƙosai da wace a garin nan in ba iyayenmu ba, an tambaye su? Ga sharar kayan lantarki da yaranmu ke ƙonawa, ga galamse, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ruwan sha, ga manhajojin AI da ba sa jin Hausar Gana. Ka zaɓi ɗaya ka matse shi har ya zama tambayar da za a iya amsawa cikin shekara ɗaya da kuɗin trotro.

Sai ka rubuta wa malami. Gajeren imel: Prof ko Dokta wane, na halarci seminarka ranar kaza, na karanta takardarka kaza, ina jin Hausa kuma na yi aikin fili, ga tambayar da ke damuna a layi biyu, zan iya zuwa ofis minti 15? Kada ka fara da roƙon kuɗi ko labarin wahalar gida. In mako biyu ya wuce shiru ka sake turawa sau ɗaya, in an kuma yin shiru ka same shi a semina ta gaba. Digirin MPhil a nan shekara biyu ne, ta farko aji ta biyu kundi, kuma za a sa ka gabatar da naka a semina, ranar ce zaman da ka yi ta yi a baya zai biya ka. In za ka yi hira da mutane kai ma sai ka nemi izinin kwamitin ɗa'a kafin ka fara, ba bayan ka gama ba, kuma yana iya cin watanni, ka shigar da wuri.

Maganar kuɗin karatu kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Tallafin karatu na Commonwealth da Chevening na Ingila wajen ƙarshen shekara suke rufewa dan karatun shekara mai zuwa, Chevening kuma tana son shekara biyu ta aiki, wanda aikin filin nan zai iya shiga lissafi in ka adana takardunka. DAAD ta Jamus tana da ofis a nan Accra, akwai Erasmus Mundus, akwai Fulbright, cibiyar Fogarty ta Amurka ta daɗe tana ɗaukar nauyin horon ladubban bincike a Afirka, akwai shirin horon ladubban bincike na SARETI a Afirka ta Kudu, da cibiyar binciken zamantakewa ta CODESRIA a Dakar, sannan Global Forum on Bioethics in Research kan nemi mutane su turo labarin matsalar da suka gani a fili, wanda irin na Hajiya ne daidai. Ka nemi fasfo da transkirif tun yanzu, ka gaya wa malamai biyu da za su rubuta maka shaida wata guda kafin ranar rufewa, ka tura musu CV da abin da ka rubuta dan kada su yi ta lalube.

Da ka fara gabatar da takarda imel za su fara shigo maka, wai mujallar duniya ta ga aikinka mai daraja za ta buga cikin kwana biyar in ka tura dala 150, ko taro a Dubai da aka karɓe ka tun ba ka nema ba. 'Yan damfara ne da rigar boko. Ka duba sunan mujallar a AJOL ko DOAJ, shafukan da ke jera mujallun da aka tantance, ka tura wa malaminka hoton saƙon, in ya ce bai san su ba ka goge kawai.